Arzikin Baƙo Da Nauyinsa: Muhawara Kan Mashigan Tekun Norwe

A yammacin ƙasar Norwe teku ba ta tsaya a gaɓa ba. Ta kutsa cikin ƙasa ta wasu dogayen kwazazzabai da ƙanƙara ta sassaƙa a zamanin da ta lulluɓe arewacin Turai, da ta narke kuma ruwan gishiri ya cike gurbinta. Su ake kira fiyord. Mafi tsawonsu, Sognefjord, ya shiga cikin ƙasa kimanin kilomita 205, zurfinsa a wani wurin ya haura mita 1,300. Wani reshensa mai suna Nærøyfjord ya ƙuntata har faɗinsa bai wuce mita 250 ba a wani gurbin, ga duwatsu tsaye hagu da dama, ruwa na zubowa daga kansu. A shekarar 2005 hukumar UNESCO ta sanya wannan reshe tare da Geirangerfjord cikin jerin wuraren gado na duniya.

A ƙuryar Geirangerfjord, wanda tsawonsa kilomita 15 ne, akwai ƙauyen Geiranger. Mazaunansa na dindindin ba su kai 300 ba, amma dubban ɗaruruwan mutane ne ke ziyartarsa kowace shekara, akasarinsu tsakanin watan Mayu da Satumba. Babban jirgin ruwan yawon shaƙatawa guda ɗaya kan ɗauko fasinjoji 4,000 ko 5,000, akwai kuma ranakun da jirgi fiye da ɗaya ke tsayawa. Haka lamarin yake a Flåm, wani ƙaramin gari a reshen Sognefjord. A nan mutanen Norwe suka rabu biyu. Wasu na cewa a bar ƙofa a buɗe, domin baƙin nan su ne ke riƙe da karkarar. Wasu kuma na cewa a taka musu birki tun kafin su cinye abin da suka zo kallo. Kowane ɓangare na da hujjar da ta cancanci a saurara.

Hujjojin masu cewa a bar ƙofa a buɗe

Waɗannan da tarihi suke farawa. Sukan ce kyawun wuri bai taɓa ciyar da mai wurin ba sai da baƙo ya zo. Wanda ya bi Geirangerfjord a kwalekwale zai hango tsofaffin gidajen gona manne a jikin dutse. Skageflå na kan wani ɗan tudu kimanin mita 250 a saman ruwa, Knivsflå kuma na fuskantarsa, dab da magangarar ruwan nan da ake kira 'Yan'uwa Mata Bakwai. Yau 'yan yawon buɗe ido na ɗaukar hotonsu cike da sha'awa, amma waɗanda suka zauna a can wahala suka sha. Ana ba da labarin cewa da igiya ake ɗaure ƙananan yara don kada su gangara. An bar Knivsflå a 1898 saboda tsoron ruftowar dutse, Skageflå ma aka bar shi a farkon ƙarni na 20. Daga 1825 zuwa shekaru ɗari da suka biyo baya, kimanin mutanen Norwe 800,000 ne suka yi ƙaura zuwa Amurka, da yawansu daga irin wannan karkara suka fito. Ƙasar noma kaɗan ce, hunturu dogo ne, ga 'ya'ya da yawa.

A cikin wannan hali baƙi suka fara zuwa, tun a ƙarni na 19. Turawan Ingila suka zo kamun kifi da hawan dutse, jiragen ruwa masu aiki da tururi suka biyo baya, manoma suka samu sabuwar sana'a ta ɗaukar baƙi a keken doki zuwa saman duwatsu. An buɗe Hotel Union a Geiranger a 1891. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya mayar da wannan yanki wurin hutunsa kusan kowace bazara daga 1889 zuwa 1914, har ya aika da agaji lokacin da gobara ta cinye garin Ålesund a 1904. Saboda haka, in ji masu wannan ra'ayi, karɓar baƙi ba wata sabuwar annoba ba ce da ta faɗo wa ƙauyukan. Sana'ar kaka da kakanni ce.

Hujja ta biyu ita ce abin da kuɗin baƙo ke riƙe da shi a yau. Layin dogon Flåm, wanda aka buɗe a 1940, tsawonsa kimanin kilomita 20 ne kacal, amma yana hawa daga bakin ruwa zuwa tashar Myrdal mai tsayin mita 866, ta cikin ramuka 20 da aka huda a dutse, 18 daga ciki da hannu aka haƙa su. An gina shi ne don sufurin mutane da kaya. Da hanyoyin mota suka shigo, 'yan yawon buɗe ido ne suka zamar masa dalilin ci gaba da aiki. A Undredal, ƙauyen da bai samu hanyar mota ba sai a 1988, masu kiwon awaki na sayar wa baƙi cukunsu mai launin ƙasa. A Hardanger, inda ake noman tuffa da sauran 'ya'yan itatuwa tun ɗaruruwan shekaru, gonaki na buɗe ƙofa ga masu zuwa kallon furanni a watan Mayu da masu sayen ruwan tuffa. Direban bas, mai jagora, mai gasa burodi, mai gyaran inji, duk daga wannan ƙorama suke sha. Idan ta ƙafe, matasa Bergen da Oslo za su nufa, makarantar ƙauye ta rufe, kantin gari ya bi bayanta.

Hujja ta uku ta adalci ce. Norwe na da tsohuwar al'ada, wadda aka mayar doka a 1957, da ta ba kowa damar yawo a daji da dutse ko da filin na wani ne, har ya kafa tanti ya kwana biyu, muddin ya nisanci gidan mutane da mita 150. Ƙasar da ke alfahari da wannan, ta yaya za ta koma tana zaɓen baƙi? Ga shi kuma ta amince a kira wuraren nan gadon duniya baki ɗaya. Norwe ƙasa ce mai tsadar otal da abinci. Ga tsoho ɗan fansho, ko mai keken guragu, ko iyalin da suka yi shekaru suna tari, jirgin ruwa ne kaɗai hanyar da aljihu da jiki za su iya ɗauka. A hana jirgi, sai wurin ya zama na masu kuɗi da masu ƙarfin gwiwa kawai. Su kuwa sauran sai dai su gani a hoto, alhali gani ya kori ji.

Suna kuma ƙarawa da tambaya mai nauyi: idan ba ta ruwa ba, ta ina? Hanya ɗaya ce ke buɗe zuwa Geiranger duk shekara, wadda ake kira Hanyar Mikiya, mai kwanoni 11 masu kaifi. Hanyar Trollstigen da ke kusa an rufe ta a bazarar 2024 saboda faɗowar duwatsu. Mutum 4,000 a jirgi guda ba sa buƙatar a gina musu otal ko filin ajiye mota. Su ɗin nan idan suka zo a ƙananan motoci da motocin kwana, ƙauyen ba shi da inda zai sa su.

Hujjojin masu cewa a taka birki

Ɗaya ɓangaren da hayaƙi yake farawa. Fiyord rami ne mai zurfi da duwatsu suka kewaye. A ranar da babu iska, hayaƙin jirgi ba ya watsewa, sai ya tsaya a saman ruwa kamar an rufe shi da murfi. Babban jirgi kuwa ko yana tsaye ba ya kashe inji, domin otal ne mai ninƙaya, akwai ɗakunan girki da na wanki da na sanyi da dole su ci gaba da aiki. Binciken da hukumar kula da sufurin ruwa ta Norwe ta fitar a 2017 ya nuna cewa a wasu lokuta gurɓatar iska a Geiranger da Flåm na kaiwa matakin da zai iya cutar da lafiya. Wannan ne ya sa daga 2019 aka tsaurara ƙa'idojin irin man da jirage ke ƙonawa da ruwan dattin da suke zubarwa a waɗannan mashigai. Masu wannan ra'ayi na cewa abin kunya ne ƙasar da kusan duk lantarkinta daga ƙarfin ruwa yake fitowa ta bar ƙauyawanta suna shaƙar hayaƙin jiragen waje.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne gardamar ta fi zafi. Fasinjan babban jirgi ya riga ya biya kuɗin kwana da na abinci ga kamfanin. Yakan sauko da hantsi, ya hau bas zuwa saman dutsen Dalsnibba ya ɗauki hoto, ya sayi ɗan abin tunawa, ya koma jirgi cin abincin dare. Abin ya yi kama da kasuwar ƙauye da ta cika maƙil da mutanen da kowa ya taho da guzurinsa: ƙura ta tashi, hanya ta toshe, amma mai tuwo ta koma gida da tukunyarta. Jiragen da yawa an yi musu rajista ne a ƙasashe irin su Bahamas da Malta da Panama, kamfanin jirgin kuma shi ke sayar da tikitin yawon da ake yi a tudu ya ɗauki rabonsa. Ayyukan da ake samu na 'yan watanni ne, ma'aikatan da dama daga wasu ƙasashe suke zuwa su koma idan kaka ta shigo. Amma bayan gida, kwashe shara, gyaran hanya da motar asibiti, duk a wuyan ƙaramar hukuma suke, wato a wuyan harajin mazauna.

Na uku, suna cewa dokar yawo ta 1957 an yi ta ne don mutum mai jaka a baya da sanda a hannu, ba don kamfanonin da ke sayar da dutse a intanet ba. Trolltunga, wani harshen dutse da ya zaro kimanin mita 700 a saman tafki, bai samu maziyarta 1,000 ba a 2010. Zuwa 2016 sun kai kimanin 80,000, galibi saboda hotunan da ake yaɗawa a Instagram da Facebook. Tafiyar zuwa da dawowa kusan kilomita 27 ce. Mutane kan taso da takalmin gari da riga mara nauyi, yanayi ya juya, dare ya riske su, 'yan sa kai na ƙungiyar agaji ta Red Cross su bar barcinsu su je ceto. A dutsen Preikestolen, mai tsayin mita 604 a saman Lysefjord, inda kimanin mutum 300,000 ke hawa a shekara, sai da aka ɗauko ƙwararrun Sherpa daga Nepal suka shimfiɗa matakalar dutse, domin ƙafafu sun cinye hanyar. Manoma kuma na kokawa da ƙyauren da ake bari a buɗe, da tantin da ake kafawa a cikin ciyawar dabbobi, da ƙazantar da ake bari a bayan dutse.

Na huɗu shi ne haɗari. A watan Maris na 2019 injinan jirgin Viking Sky suka mutu cikin guguwa a tekun Hustadvika, yana ɗauke da mutum 1,373. Saura ƙiris ya bugi duwatsu. Jirage masu saukar ungulu sun yi ta jigila dare da rana, duk da haka ba su kwashe ko rabin mutanen ba kafin aka samu injinan suka tashi. A kan hanyar shiga Geiranger kuma akwai dutsen Åkerneset, mai wata tsaga da ke ƙara buɗewa kowace shekara. Ana sa masa ido da na'urori ba dare ba rana, domin idan ya rufto cikin ruwa zai tayar da igiyar da za ta iya shafe bakin gaɓar ƙauyen. Ba tatsuniya ba ce: a Tafjord da ke maƙwabtaka irin haka ta faru a 1934, mutum 40 suka rasu. Kwashe mazauna 'yan ɗaruruwa da suka san hanya abu ne guda, kwashe dubban baƙin da ba su jin harshen gari wani abu ne daban.

A ƙarshe suna tunatarwa da shekarar 2020. Da annobar korona ta tsayar da jirage, garuruwan da suka jingina kacokan ga fasinja suka ga yadda bangon da suka jingina da shi yake da rauni.

Inda hujjojin suka yi nauyi da inda suka yi sauƙi

Majalisar dokokin Norwe ta shiga maganar a 2018, ta yanke cewa nan da 2026 jirgin da ke fitar da hayaƙi ba zai ƙara shiga mashigan da UNESCO ta lissafa ba. Da lokaci ya matso sai gwamnati ta raba wa'adin biyu a 2024: ƙananan jiragen fasinja, waɗanda ba su kai tan 10,000 ba, daga farkon 2026, manyan kuma sai farkon 2032. Masu kare muhalli sun kira wannan ja da baya. Shugabannin ƙananan hukumomin yankin sun kira shi numfashi. Wannan jinkiri ya fito da raunin kowane ɓangare fili.

Raunin masu taka birki shi ne hana jirgi shiga fiyord guda ba ya hana shi zuwa Norwe. Zai tsaya a Ålesund ko Olden, inda dokar ba ta kai ba, a loda fasinjojin a bas a kai su Geiranger ta hanyoyin dutse masu kwanoni. Hayaƙin ya koma maƙwabta, cunkoso ya koma kan titi, kuɗin tashar jirgi kuma ya kuɓuce wa ƙauyen. Ana kuma iya yi musu gori cewa ƙasar da ta yi arziki da man fetur da iskar gas tun bayan gano rijiyar Ekofisk a 1969 ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi kan hayaƙi. Gorin na da zafi, sai dai bai amsa komai ba. Yaron da ke shaƙar iskar Flåm ba shi ya haƙa rijiyar ba.

Raunin masu buɗe ƙofa kuma shi ne suna cuɗa baƙi duka a kwarya ɗaya. Mai cukun Undredal da mai gonar Hardanger sun fi amfana da baƙon da ya kwana a tudu, ya ci a tudu, ya yi kwanaki yana zagayawa. Idan ana lissafin alherin yawon buɗe ido sai a kawo wannan baƙo, idan ana kare manyan jirage sai a yi kamar shi da mai saukowa na sa'o'i biyar duk ɗaya ne. Tarihin da suke kafa hujja da shi ma bai goya musu baya gaba ɗaya ba. Jirgin da ya kawo baƙi a zamanin keken doki 'yan ɗaruruwa yake ɗauka, ba dubbai ba.

Akwai fata da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai, wato fasaha. A 2015 jirgin fiton Ampere ya fara tsallakar da motoci a Sognefjord da batir. A 2018 aka fara amfani da Future of the Fjords, mai ɗaukar mutum 400 tsakanin Flåm da Gudvangen ba tare da ɗigon mai ba. A 2022 jirgin Havila Castor ya shiga Geirangerfjord da ƙarfin batir. Wannan ya nuna dokar ba mafarki ba ce, kuma tsoron wa'adi ne ke sa kamfani ya buɗe lalitarsa. Amma batir hayaƙi kaɗai yake magancewa. Jirgin da ba ya fitar da komai a bututu, idan ya sauke mutum 5,000 a ƙauyen mutum 250, layin bayan gida bai ragu ba, hanyar motar asibiti ba ta buɗe ba. Matsaloli biyu ne aka daɗe ana ɗaura musu suna ɗaya: na iska, da na yawa.

Birnin Bergen ya kama ta biyun, ya ƙayyade jirage huɗu da fasinjoji 8,000 a rana. A 2025 kuma majalisar dokoki ta amince ƙananan hukumomin da baƙi suka fi matsa wa su karɓi harajin da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba a kan kuɗin kwana, don gina bayan gida da gyara hanyoyin ƙafa. Mataki ne mai kyau, amma idan bai kai ga fasinjan jirgi ba, to an ɗora kaya ne a kan baƙon da dama shi ya fi biya.

Matsaya

A ganina masu buɗe ƙofa sun yi gaskiya cewa karkarar nan ba za ta rayu ba tare da baƙo ba, masu taka birki kuma sun yi gaskiya cewa ba kowane zuwa ne alheri ba. Amma idan aka ɗora su a sikeli, na biyun sun ɗan rinjaya, saboda dalili guda: jirgin da aka hana bana zai iya dawowa baɗi, amma iyalin da cunkoso da tsadar gida suka kora daga ƙauye da wuya su dawo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ke sayar da hoton Geiranger a kasuwannin duniya ya wajaba ya ɗauki rabonsa na ɗawainiyar Geiranger.

Abin da ya dace abu uku ne. Wa'adin 2032 ya tsaya daram, domin idan aka sake ɗaga shi ya zama wasa, kuma a faɗaɗa ƙa'idar zuwa sauran mashigai don kada hayaƙin ya yi ƙaura kawai. A ba kowane ƙauye ikon ƙayyade yawan mutanen da za su sauka a rana, gwargwadon hanyarsa da ruwansa da abin da zai iya kwashewa idan dutse ya motsa. Sannan kowane baƙo ya biya, na otal da na jirgi, kuɗin kuma ya tsaya inda ƙafarsa ta taka.

Shi ma mai niyyar zuwa yana da ƙuri'a a wannan muhawara. Zai iya zuwa a Mayu ko Satumba maimakon tsakiyar Yuli, ya kwana a tudu, ya hau jirgin fito da mutanen gari, ya ratse zuwa wuraren da tururuwa ba ta kai ba, kamar tsohon cocin katako na Urnes da aka gina wajen 1130. Hukumomi kuwa su daina auna nasara da yawan jiragen da suka tsaya a bazara. Su ƙirga iyalan da ke zaune a Geiranger da Flåm a watan Janairu, da yaran da ke makarantunsu. Idan wannan adadi na ƙaruwa, baƙi na kawo arziki. Idan yana raguwa alhali jirage na ƙaruwa, to wasu ne ke cin ribar wurin ba masu shi ba, kuma tsarin ne ya kamata a sauya.